Soyayyen fikul a eya firaya, nawa ya ƙi yin ƙaras-ƙaras, ina matsalar take?

Maman 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, barkanmu da war haka. Dan Allah masu eya firaya, na'urar nan mai gasa abinci da iska mai zafi, ku zo ku cece ni kafin in ji kunya a gaban mutane. Ranar Asabar mai zuwa zan yi ɗan fati a gida, abokan aikina ne da wasu ƙawaye, zasu kai mutum ashirin, to cikin 'yan abubuwan taɓawa da nake so in ajiye harda soyayyen fikul ɗin nan, wato kokwamba mai tsami ta cikin kwalba da ake yankawa a lulluɓe da garin burodi a soya. Sau ɗaya na taɓa cinsa a gidan wata ƙawata, wlh tun ranar abin ya tsaya min a rai, waje ƙaras-ƙaras ciki kuma ga tsami ga ɗan gishiri-gishiri ga ɗumi, kina dangwalawa a sos kina kaiwa baki baki san sanda kika tashi da goma ba. Ita a cikin mai ta soya nata, ni kuma bana son ranar baƙi in tsaya kan kasko in fito ina warin mai, shiyasa nace bari in gwada a na'ura tunda gata nan a ajiye.

Sau biyu ina gwadawa duk abin ba kyan gani. Na farko na tsamo fikul ɗin daga kwalba na ɗan girgiza shi, na sa a fulawa, na sa a ƙwai, na sa a garin burodi, na zuba a kwando na kunna digiri 180 minti 12. Ina buɗewa na tarar da garin fari fat kamar ba'a kunna wuta ba, wani gurin ma fulawar ce tsurarta a bushe, ƙasan kuma ya jiƙe ya manne da kwandon, ina ɗagawa rigar ta zame ta bar min kokwambar tsirara. Na biyu nace ƙila zafi ne bai isa ba sai na kai shi 200 na bar shi minti 15, wannan karon gefe-gefen ya ƙone tsakiyar tana nan lagwab, ga gishiri kamar me, 'yan biyu ma da basa ɗaga wa komai ƙafa ɗanɗanawa ɗaya suka yi suka ture farantin.

To yanzu ni bansan ko na'urar tawa ce ba (ƙarama ce, lita 4), ko fikul ɗin ne ba irinsa ake amfani da shi ba, ko kuma ni ce hannuna bai iya ba. Sannan ko da ace ya yi kyau, ya zan yi da mutum ashirin, zan iya soyawa tun safe in ajiye ko dole sai sun zo? A taimaka min dan Allah, kwana biyar ya rage.

Anti Mai Kicin:

Wa alaikumus salam Maman 'Yan Biyu. Kwantar da hankalinki, na'urarki lafiyarta ƙalau, hannunki ma haka. Tun daga inda kika ce "na tsamo na ɗan girgiza" na san inda gizo yake saƙar. Ruwa ne ya kashe miki aiki, duk sauran matsalolin 'ya'yansa ne.

Ki duba fa, kokwamba ita kanta kusan duk ruwa ce, kashi 95 cikin ɗari haka, sannan aka zo aka jiƙa ta wata da watanni a ruwan binega da gishiri, to idan kika sa mata fulawa a jiƙe ba riga kika yi mata ba, ƙulli kika kwaɓa a jikinta, kuma da zafi ya taɓa ta sai tururi ya taso tsakanin kokwambar da ƙullin ya raba su, shine kika ga rigar tana zamewa. Don haka aikin farko, kuma ni a gurina shine rabin girkin gaba ɗaya, ki tsane shi a matsami tukunna, sannan ki shimfiɗa tsumman kicin mai tsafta ko tishu mai kauri ninki biyu ko uku, ki jera yankan ɗaya bayan ɗaya kada wani ya hau wani, ki rufe da wani tsumman ki ɗan danna da tafin hannu, ki bar shi kamar minti 20, ki canza tsumman ki sake dannawa. Sai kin taɓa kin ji yatsanki baya ɗauko danshi sannan ki ce ya yi. Nasan da gajiya, amma babu hanyar ratse a nan.

Yankan ma da magana. Idan wanda aka riga aka yanka ne a kwalba, irin siraran nan na sawa a cikin burodi, yawanci sun cika siranta, kafin garin ya yi ja sun saki jiki. Ni na fi son in sayi guda-guda in yanka da kaina, kaurin rabin santimita ko ya ɗan fi kaɗan. Kuma ki duba jikin kwalbar ki ɗauki mai ganyen dil da tafarnuwa, mai tsami sosai, banda mai zaƙin nan, shi sukarinsa yana sa ya yi saurin ƙonewa kuma ɗanɗanon baya tafiya da sos. Masu yanka shi dogo-dogo gida huɗu suna burge ni a hoto kawai, ruwansa ya fi yawa kuma ya fi wahalar bushewa, ga fati dai zagaye ya fi, loma ɗaya an wuce gurin.

Sai kwano uku. Na farko fulawa rabin kofi ki haɗa da konfilawa cokali biyu manya, garin tafarnuwa, masoro, garin jan tattasai, in kina son yaji-yaji ki ƙara ɗan garin barkono. Gishiri kuwa ko ƙwaya ɗaya kada ki sa, ko dunƙulen ɗanɗano, ina kyautata zaton a nan kika yi kuskure na biyu, fikul da gishirinsa yake zuwa kuma idan ruwa ya ragu a jikinsa gishirin ƙara fitowa yake. Na biyu ƙwai biyu ki kaɗa sosai da ruwa cokali ɗaya har sai babu wannan yauƙin. Na uku garin burodi, in kin samu fanko (a jikin ledar da P ake rubuta shi) ki ɗauke shi, irin na Japan ne, manya-manyan ɓarɓashi gare shi marasa nauyi, shi ke bada wannan ƙarar idan an gatsa. Ni dai nakan ɗan murje shi a hannu kaɗan saboda yankan fikul ƙarami ne, in ɓarɓashin ya cika girma baya kama gefe.

Yanzu ga abin da ya sa naki ya fito fari. Na'urar nan bata da man da zata ba garin, abin da kika sa shi kaɗai ne, busasshen gari kuma in ba mai sai dai ya bushe ya ƙone, baya yin ja mai kyau. To kafin ki fara shafawa, ki zuba mai cokali biyu manya a kan fanko kofi ɗaya da rabi ki cuɗa da yatsu har ko'ina ya samu, ya zama kamar yashi mai ɗan danshi. Wannan ya fi feshi daga sama nesa ba kusa ba, don feshi wani guri ya samu wani guri ya rasa, ki fito da abu dabbare-dabbare.

Gurin shafawa, hannu ɗaya na busasshe ɗaya na ƙwai, in ba haka ba yatsunki zaki yi wa riga. A fulawa ki kakkaɓe sosai, ɗan hoda-hoda kawai ake so, a ƙwai ki bari ya ɗiga, a fanko ki danna da kyau gaba da baya. Ki jera a tire ki sa a firji minti 15 a buɗe, rigar zata kama jikinta.

Ki kunna na'urar ba komai a ciki minti 3 zuwa 4 a digiri 200, ki shafa wa kwandon mai kaɗan, ki jera su layi ɗaya da 'yar tazara, minti 5 ki juya, sai ki ƙara 3 ko 4. Zagayen farko ki tsaya a kai kina leƙawa don kowace na'ura da halinta, tawa a minti 8 take gamawa, ta ƙanwata sai ta kai 10. Minti 15 ɗin da kika yi ya yi yawa, shi ya dafe miki kokwambar ta koma lagwab. In kin kwashe kada ki zuba a kwano ko kan tishu, kan raga zaki ɗora, irin wadda ake shanya kek, iska ta shiga ta ƙasa.

Autar Mama:

Ikon Allah, wai yanzu kokwamba ma soya ta ake? Ni fa duk zatona fikul ado ne da ake sawa a cikin boga, kullum cire shi nake in ajiye a gefe hhhh. Anti Mai Kicin da kika yi bayanin nan har yawuna ya tsinke. Amma tsakani da Allah baya yin wani iri in ya yi zafi? Kokwamba mai ɗumi fa, ni abin ne na kasa hasko shi a raina. Sannan mu da bamu da fanko garin burodi na gida zai yi?

Kawu Injiniya:

Salamu alaikum. Ku yi haƙuri na shigo zancen mata, amma a gidanmu ni ne mai kula da na'urar nan, uwargida ta ce tunda ni na sayo in ji da ita. Hajiya Anti ta gama magana, ni dalilin kawai zan ƙara, saboda wanda ya gane yadda abin ke aiki ba sai ya haddace minti ba.

Sunan ne yake ruɗar mutane. Eya firaya ba soya take ba, ƙaramin oban ne mai fanka, ƙarfen zafi a sama fanka kuma tana hura iskar da ƙarfi tana zagaya abincin. Kamfanin Philips ne ya fito da ita ta shahara, a baje kolin kayan lantarki na birnin Balin na ƙasar Jamus a 2010. Idan an tsunduma abu a mai, man yana taɓa kowane lungu lokaci ɗaya kuma yana kai zafi da sauri fiye da iska sosai, shiyasa ƙawarki da ta soya a kasko ko bata tsane nata da kyau ba man zai rufa mata asiri. Iska bata rufa wa kowa asiri.

Sannan jan nan da ƙamshin da muke nema, wani haɗuwa ne tsakanin sukari da sinadaran furotin da ke cikin abinci, wani masanin Faransa mai suna Louis-Camille Maillard ne ya bayyana shi a 1912, kuma baya kankama sosai sai zafin saman abincin ya kai wajen digiri 140 zuwa sama. Ruwa kuma a digiri 100 yake tafasa, muddin saman abu a jiƙe yake to zafinsa a nan zai tsaya ko da kin murɗa na'urar zuwa ƙarshe, duk wutar tana tafiya ne gurin ƙafar da ruwa. Kin ga abin da ya same ki a gwaji na biyu kenan, gefen da ya riga bushewa ya ƙone, tsakiyar da ruwa ke ta fitowa tana nan tana turara. Haka in kika cika kwando, tururin wannan ya jiƙa wancan, iska kuma bata samu hanyar wucewa ba, kin koma dafa su ba gasawa ba.

Abu biyu da zan ja kunne a kai. Na ɗaya man feshi na gwangwani, wanda ake dannawa ya fito da iskar gas, ni ya taɓa ɓata min kwando, wani danƙo ya taru a jikin baƙin rufin nan mai hana abinci mannewa ya ƙi fita, garin gurzawa rufin ya fara ɓarewa. Ki sayi 'yar kwalbar feshi da ake zuba man gida a ciki, ko ki yi yadda Hajiya ta ce. Na biyu takardar gashi, irin wadda ake shimfiɗawa a tiren kek, kada ki taɓa sa ta a kwando lokacin da kike ɗumama na'urar ba abinci a kai, fankar zata ɗaga ta ta manna da ƙarfen zafin, wuta kenan. Ga fikul ma ni bana sa ta sam, tana tare iskar ƙasa.

Autar Mama, ai abin ya daɗe, a jihohin kudancin ƙasar Amurka ya yi suna. Ana danganta yaɗuwarsa da wani mutum Bernell Austin da ake wa laƙabi da Fatman, wanda ya fara sayar da shi a 1963 a gidan abincinsa a garin Atkins na jihar Akansas, garin da dama akwai masana'antar fikul a cikinsa. Su da sos ɗin ranc suke ci, wani farin sos mai mayonis da ganye. Kuma ki bar ganin kokwamba ce, wadda ta sha binega ba ɗaya take da ɗanya ba, tsamin ne yake yanke maiƙon. Ki dai hura kafin ki gatsa, cikin yana riƙe zafi fiye da yadda wajen yake nunawa, ni harshena ya shaida.

Ummu Hanan:

Anti Mai Kicin ki yafe min yau zan ɗan saɓa miki a guri ɗaya, ni na daina amfani da ƙwai tsura a fikul. Ko na tsane shi ya na tsane, ƙwai yana da ruwa-ruwa, kuma in kina yin da yawa zaki ga kwanon fankon ya fara dunƙulewa tun kafin ki kai rabi. Abin da nake yi, ƙwai ɗaya in haɗa da mayonis cokali biyu in kaɗa, yana yin kauri ya kama jikin yankan kamar gam, kuma mayonis ai mai ne da ƙwai, to kin ga ta ciki ma rigar tana samun maiƙo. Tunda na fara haka ban sake ganin rigar ta zame ba. Fankon kuma kada ki juye shi duka a kwano ɗaya, ki dinga ɗiba kaɗan-kaɗan, in ya jiƙe ki zubar ki ɗebo sabo.

Amma ni maganar fatin ce ta fi damuna don naga ba wanda ya taɓa ta. Maman 'Yan Biyu zo mu yi lissafi. Mutum ashirin, ki ce kowa biyar, kuma wlh wanda ya ji daɗinsa ba zai tsaya a biyar ba, yanka ɗari kenan. Kwandon lita 4 in zaki bar tazara yadda ya kamata da ƙyar ya ɗauki sha biyar, kin ga zagaye bakwai, kowane da jerawa da juyawa da kwashewa ki ce minti 10, sama da awa ɗaya kina tsaye gaban na'ura baƙi suna falo suna tambayar ina matar gidan. Kuma soyawa tun safe a ajiye, a'a, kar ma ki fara, wannan abin ba kamar kaza bane, ruwan ciki yana ci gaba da fitowa, bayan rabin awa a faranti ya fara saki, bayan awa biyu sai dai a ci don kunya.

Ga yadda nake yi. Tsanewar ki yi ta tun daren Juma'a, ki jera a tire tsakanin tsumma biyu ki sa a firji ya kwana, da safe zaki same shi a bushe yadda ake so. Sos ma tun dare, ya fi daɗi in ya kwana. Shafawar ki bari sai kamar awa ɗaya kafin su zo, in ya daɗe da riga a firji gishirin yana jawo ruwa ya jiƙa ta. Saura minti 40 ki fara sakawa, duk zagayen da ya fito ki ɗora a raga ki tura cikin oban a wuta ƙasa-ƙasa, digiri 95 zuwa 100, zai riƙe ƙaras ɗinsa na ɗan lokaci. Zagaye uku ko huɗu sun isa a tari baƙi, sauran ki dinga fitarwa da zafinsu ana hira, ki samu wata ta tsaya miki. In wani ya huce ki maida shi na'urar minti 2 a 190 zai farfaɗo, banda maikurowef, shi kam kashe shi zai yi murus. Kuma kada ki rufe da foyil ko murfi ko na minti ɗaya ne, kuma kada ki zuba sos a kai don ado, a gefe ake ajiyewa.

In kina da oban mai fanka ma ki raba aikin, tire ɗaya a can da raga a ƙarƙashi digiri 220, zai ɗan fi daɗewa amma yana ɗaukar arba'in a tashi ɗaya.

Sos ɗina ba wahala: mayonis rabin kofi, yogot marar zaƙi rabin kofi, tafarnuwa ɗaya a goge, ganyen dil ko fasili yankakke, masoro, sai ruwan fikul ɗin nan na kwalba cokali ɗaya ko biyu maimakon lemon tsami da gishiri. Kada ki zubar da ruwan nan, shine sirrin.

Auta, garin burodi na gida zai yi, ki samu wanda ya kwana biyu ki cire ɓawon ki goga a magogi mai manyan ƙofofi ki busar a oban, kada dai ki niƙa shi ya yi laushi kamar fulawa. Fikul ɗin ma in kina so kina iya haɗa na gaggawa, binega kofi ɗaya ruwa kofi ɗaya gishiri babban cokali ɗaya da tafarnuwa da dil, ki tafasa ki juye kan yankakkiyar ƙaramar kokwamba mai tauri a kwalba, in ya huce sai firji, kwana biyu ya yi. Ki yanke kan nan na gurin fure ki yar, yana sa ta laushi. Shi wannan a firji yake zama, ba'a ajiye shi a kanta kamar na kamfani.

Anti Mai Kicin:

Ummu Hanan ba saɓani ai, gyara kayanka ne. Mayonis ɗin yana aiki na taɓa gwadawa, abin da ya sa na koma ƙwai da ruwa, rigar tana yi min nauyi kuma ga mayonis a sos ga mayonis a riga, bayan guda huɗu sai naji ya gundure ni. Wanda zai bi hanyarki dai ya rage man fankon zuwa cokali ɗaya. Maganar kwana a firji kuwa na karɓa hannu bibbiyu, ban taɓa kawo ta a raina ba, ni kullum tsayuwa nake ina dannawa kamar mai gugar kaya.

Kawu sannu da ƙoƙari, Allah ya bar ka da uwargida, har da su 1912 a kan kokwamba. Amma gaskiyarka kan takardar nan, maƙwabciyata saura ƙiris ta yi gobara da ita.

Maman 'Yan Biyu shawara ta ƙarshe, kada ki bari ranar Asabar ta zama ranar gwajinki na uku. Ki sayi kwalba ɗaya ƙari ki gwada gobe ko jibi, rabi da ƙwai rabi da na Ummu Hanan, ki rubuta mintin da na'urarki ta ɗauka a takarda ki manna a jikin firji.

Maman 'Yan Biyu:

Jama'a na dawo da rahoto, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya da daddare na yanka na jera a tsumma na sa a firji kamar yadda Ummu Hanan ta ce, da safe da na ɗaga tsumman sharkaf yake har sai da na matse shi, nace oh ni, ashe duk wannan ruwan nake turawa cikin na'ura ina zaginta a banza. Na samu fanko, na cuɗa da mai, ban sa gishiri ba duk da hannuna sai da ya kai kan robar sau biyu don sabo.

Na yi kala biyun. Na ƙwai ya fi ƙara in an gatsa kuma ya fi sauƙi a baki, na mayonis ya fi yin ja kuma ko ɗaya bai zame ba, na ƙwan guda biyu sun ɗan buɗe a gefe amma ina ga ni ce ban kakkaɓe fulawar da kyau ba. Maigidan ya zaɓi na mayonis, ni na ƙwai, 'yan biyu basu tsaya zaɓe ba, ɗayan har ya ƙona baki don bai jira ba, Kawu ka faɗa. Tawa na'urar minti 5 da juyawa sai 4, zagaye na biyu kuma da ta riga ta ɗau zafi a minti 8 ya yi, saura kaɗan ma ya wuce. Sha huɗu kwandon yake ɗauka, na gwada cusa ashirin a zagaye na uku don in gani da idona, na tsakiyar suka fito fari-fari da laushi, to na haƙura.

Na bar guda biyar a faranti da biyar a raga na je na yi wanka na dawo, na farantin ƙasansu ya jiƙe, na ragar suna nan da sauran ƙarfinsu. Obana bashi da fanka don haka na ajiyewa kawai zai yi min, amma ƙawar nan tawa da na fara ci a gurinta ta ce zata zo da tata na'urar mu haɗa biyu, ita ce ma zata tsaya a kai.

Saura tambaya ɗaya, sos ɗin ya ɗan yi min ruwa, ina ga yogot ɗina ne bashi da kauri. In ƙara mayonis ne ko in rage ruwan fikul ɗin?

Ummu Hanan:

Kada ki taɓa ruwan fikul ɗin. Ki zuba yogot ɗin a kyalle mai tsafta ki ɗora kan matsami da kwano a ƙasa, ki sa a firji awa biyu ko uku ruwan zai ɗige ya bar miki mai kauri, sannan ki haɗa. Kuma ki yi ninki biyu na abin da na rubuta, mutum ashirin kofi ɗaya ba inda zai kai ku, ki raba a ƙananan kwanuka uku kada kowa ya taru a kan guda.

Autar Mama:

Ni dai na sayo kokwamba da binega yanzun nan, tawa tana kwalba tana hucewa. Maman 'Yan Biyu ki ɗauko mana hoto ranar Asabar kafin a cinye. Kawu, wai ita na'urar dole sai mai lita nawa zan ce a sayo min?